Ruwan Ido Wajen Zaɓen Gilashin Kyamara

Ana cikin dogon hutun shekarar da ta wuce wani malamin kimiyya na wata makarantar sakandare, wanda na taɓa koyarwa shekarun baya, ya yi mini sallama a ofis rataye da wata baƙar jaka. Bayan mun gaisa na tambaye shi iyali da aiki, sai ya zuge jakar ya fito da kyamara sabuwa fil, da wani dogon gilashi maƙale a gabanta, an rubuta 70-300mm a jikinsa. Ya ce ƙungiyar iyaye da malamai ce ta haɗa kuɗi don a saya wa ƙungiyar kimiyya ta makarantar, shi aka wakilta ya je kasuwa, mai kanti kuwa ya tabbatar masa cewa wannan gilashi shi ne mafi ƙarfi cikin waɗanda kuɗinsu za su iya saye, domin yana jawo abin da ke nesa har gaban mutum.

"To amma Malam," in ji shi, "wata uku ke nan ina fama in ɗauki hoton sauro, don in nuna wa yara bambancin mai kawo zazzaɓi da wanda ba ya kawowa, abin ya faskara. Da na matso sai hoton ya dushe, in na ja da baya kuma sauron ya koma kamar ɗigon tawada. Ko dai jabu aka sayar mini?"

Na karɓa na jujjuya, na ce masa gilashin lafiyarsa lau. Gatari aka ba shi, alhali kuwa ɗinki ne a gabansa.

Wannan ziyara ita ce dalilin wannan rubutu, domin na lura kuskuren ba nasa ba ne shi kaɗai. Duk wanda ya tsaya gaban kantin kayan hoto ruwan ido ne ke fara kama shi, daga nan sai ya kuɓutar da kansa ta hanyar zaɓen mafi tsawo ko mai lamba mafi girma. Ra'ayina shi ne, kafin a taɓa aljihu sai an amsa tambaya uku: mene ne girman abin da za a ɗauka, yaya kusancin da za a iya yi da shi, kuma wane irin haske ke wurin. Idan makaranta ta amsa waɗannan tambayoyi tsakani da Allah, za ta tarar cewa gilashin ɗaukar ƙananan abubuwa ya kamata ta fara saye, dogon gilashin nan mai ɗaukar ido kuwa shi ne na ƙarshe. Bari in kawo hujjojina, amma sai mun fara fahimtar lambobin da ake rubutawa a jikin gilashin.

Ita kyamara asalinta akwati ne mai duhu da 'yar kafa a gaba. Ibnul Haisam, masanin da aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya zana surar abin da ke waje a kan bango, a kife. Matsalar ita ce ƙaramar kafa ba ta shigar da isasshen haske, in an faɗaɗa ta kuma surar ta dagule. Aikin gilashi shi ne ya ba da damar buɗe babbar kafa, sa'an nan ya tanƙwara hasken ya tattara shi wuri guda. Kowane ɗalibi zai iya ganin wannan da gilashin ƙara girma na ɗakin gwaje-gwaje: ya riƙe shi a rana bisa takarda, ya yi ta ɗagawa yana saukewa har hasken ya taru ya zama ɗan ɗigo mai zafi. Tazarar da ke tsakanin gilashin da wannan ɗigo ita za mu kira tsawon matattara, ita ce kuma lambar da ake rubutawa da milimita. Gilashin kyamara dai ba ƙwaya ɗaya ba ne, jerin gilasai ne a cikin bututu, amma ma'anar lambar ba ta sake ba.

A bayan gilashin akwai allon da surar ke sauka a kansa. A da fim ne, yanzu kuwa allo ne na lantarki. Ma'aunin da aka saba kwatance da shi shi ne milimita 24 a milimita 36, wanda kyamarar Leica ta kamfanin Leitz na Jamus ta yaɗa tun daga 1925. A kan irin wannan allo, gilashi mai milimita 50 yana ganin kusurwa ta digiri 47 daga lungu zuwa lungu, mai 28 yana ganin 75, mai 400 kuwa digiri 6 kacal. Watau gajeren gilashi yana kwaso fili mai faɗi, kome ya fito ƙarami. Dogo yana yanko ɗan yanki ya cika allon da shi. Yawancin kyamarori masu sauƙin kuɗi allonsu bai kai wancan ba, saboda haka akan ninka lambar da 1.5, ko 1.6 a na Canon, don a san abin da za a gani. Mai milimita 50 a kansu yana aiki kamar mai 75 ko 80.

Akwai ɗan lissafi guda da nake roƙon kowane ɗalibi ya riƙe, domin ya fi shawarar mai kanti amfani. In abu yana da ɗan nisa, girman surarsa a kan allo shi ne tsawon matattara sau girman abin, a raba da nisansa. Mu ɗauki jan baki, tsuntsun nan da ke addabar manoman gero da shinkafa, wanda tsawonsa kimanin santimita 12 ne. Daga nisan mita 20, gilashi mai milimita 50 zai zana shi da tsawon milimita 0.3. Mai 400 zai ba da milimita 2.4. Amma in mai wannan gilashi ya lallaɓa ya matso zuwa mita 5, surar za ta kusa milimita 10. Matsowar nan ta yi masa abin da sai gilashi mai milimita 1,600 ne zai yi masa daga inda yake tsaye da farko. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Nisa yana da wani tasiri kuma da mutane kan ɗora wa gilashi laifinsa. Kowa ya san yadda hanci ke kumbura a hoton da mutum ya ɗauki kansa da waya. Mu ƙaddara cewa tsakanin ƙarshen hanci da kunnuwa akwai santimita 12. In kyamara tana santimita 30 daga hanci, kunnuwa suna santimita 42, don haka hanci zai fito da girman da ya ɗara haƙƙinsa da kashi 40 cikin 100 in an gwada shi da kunnuwa. In an ja da baya zuwa mita 2, bambancin ya koma kashi 6. A 2018 wasu masu bincike, cikinsu har da likitan tiyatar fuska na Jami'ar Rutgers ta Amurka, sun buga lissafin da ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kimanin kashi 30 cikin 100 bisa faɗin fuska. Wannan ne dalilin da ya sa masu ɗaukar hoton fuska suke son gilashi mai milimita 85 zuwa 105: yana tilasta musu su tsaya nesa, kuma duk da haka fuskar ta cika allo. Ga mai nazarin halittu wannan magana ta wuce ta kwalliya. Wanda ya kusanto da gajeren gilashi ga ƙoƙon kan akuya, ko ya miƙo tarwaɗa gaban kyamara da hannu, ya sauya ma'aunin sassan jikinta, kuma ɗalibin da ya zana daga wannan hoto kuskure zai zana. Ƙa'idata ga ɗalibaina ita ce a ja da baya, a yi amfani da gilashi matsakaici, a kuma ajiye rula a gefen abin, daidai nisansa da kyamara. Hoton da ba rula a cikinsa ba na karɓarsa a rahoto.

Lamba ta biyu ita ce wadda ake rubutawa da harafin f, kamar f/1.8 ko f/5.6. A cikin gilashi akwai ƙofar haske mai buɗewa da tsukewa, tamkar baƙar kafar tsakiyar idon mutum, wadda kan tsuke zuwa kimanin milimita 2 a rana tsaka, ta buɗe har wajen milimita 8 a duhu. Lambar f ita ce tsawon matattara a raba da faɗin wannan ƙofa. Gilashi mai milimita 50 da ƙofarsa ta buɗe milimita 25 yana kan f/2 ke nan. Saboda haka ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, abin da kan rikita masu koyo. Jerin da aka saba gani shi ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22, kuma kowane mataki rabin hasken na bayansa yake shigarwa. Gilashin 18-55mm da akan haɗo da sabuwar kyamara, in an zuƙo shi ƙarshe, f/5.6 ne iyakar buɗewarsa. Ɗan gilashin nan mai milimita 50 da f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kusan kowane kamfani, yana shigar da hasken da ya kusa ninka wancan sau 10. Duk malamin da ya taɓa ƙoƙarin ɗaukar hoton gwaji a ɗakin da tagoginsa ƙanana ne, ga shi an ɗauke wuta, ya san darajar wannan ninki.

To, yanzu sai mu zo ga sauron abokina. A duba manhajar ilimin halittu ta sakandare, a lissafa abubuwan da malami zai so ya nuna: sassan fure, bakin fara, ƙafar ƙudan zuma, tsutsar da ke cin zangarniyar gero, ƙaiƙayin kifi, jijiyoyin ganye, ƙwarin da ke huda wake a rumbu. Kusan dukkansu tsakanin milimita 2 ne da santimita 5, kuma dukkansu suna cikin harabar makaranta ko gonar bayanta, ba sai an yi hayar mota ba. Gilashin da aka ƙera domin irin wannan aiki ana kiransa makro. Na gaskiya a cikinsu yana kaiwa ma'aunin 1:1, watau abu mai tsawon milimita 5 ya sauka a kan allo da tsawon milimita 5 cif. A ƙaramin allo mai faɗin milimita 23.5 da ɗigo 6,000 a jere, wannan sauro zai samu ɗigo fiye da 1,200. Gilashin abokina ba ya yarda ya tattara sura sai an ja da baya fiye da mita guda, iyakacinsa kuma wajen 1:4 ne, watau rubu'in wancan. A kula, akwai gilasan zuƙowa da ake liƙa wa kalmar makro alhali ba su wuce 1:3 ko 1:4 ba. Ma'aunin za a nema a takardar gilashi, kada a tsaya ga sunan.

Me ake gani a 1:1 da ba a gani a ƙasa da haka? Macen sauron Anofilis, mai yaɗa zazzaɓi, tana da 'yan gaɓoɓi biyu a gefen tsinken bakinta waɗanda tsawonsu ya yi daidai da tsinken, fukafukanta kuma yawanci da dabbare-dabbare, in ta sauka tana ɗaga bayanta sama, jikinta da bakinta a miƙe kamar an soka tsinke a karkace. Macen Kyuleks gaɓoɓin nan nata gajeru ne ƙwarai, tana kuma sauka jikinta a kwance daidai da bango. Haka tsando, ƙudan da ke kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu: a tsakiyar fiffikensa jijiyoyi sun zana wata sura mai kama da gatari, da ita ake tabbatar da shi. Na sha zana waɗannan a allo da alli, ɗalibai su kwafa su haddace. Ranar da na fara nuna musu hoton sauron da aka kamo a ɗakin kwanansu, tambayoyin da suka yi mini sun fi na zango guda.

Sai dai makro yana da halinsa, kuma gara in faɗa tun yanzu kada wani ya saya ya zo yana zargina. Wurin da ke fitowa tangaran a hoto yana da iyaka gaba da baya, wannan shi za mu kira zurfin gani, kuma yana ƙanƙancewa ainun idan aka kusanci abu. A ma'aunin 1:1 da ƙofa f/8, zurfin kimanin milimita 1 ne. In idon fara ya fito, cinyarta ta dushe. Tsuke ƙofa zuwa f/16 yana ninka zurfin sau biyu, amma hasken ya koma rubu'i, in an wuce nan kuma hoton duka ya fara laushi, saboda haske kan bazu idan ya ratsa matsattsiyar kafa. Bayan haka, shi kansa kusantowa zuwa 1:1 yana cinye mataki biyu na haske. Dabarun dai sanannu ne: a daidaita tsawon jikin ƙwaron da fuskar allo yadda kai da ciki za su kasance nisa ɗaya, a kafa kyamara a kan mazauni mai ƙafa uku, a tausasa hasken fitila da farar takarda. Ga ƙwaron da ya riga ya mutu, yanzu ana iya ɗaukar hotuna da yawa, kowanne an ɗan gusa matattararsa, kwamfuta ta haɗe wuraren da suka fito sarai su zama hoto guda.

Tsakanin makro mai milimita 50 ko 60 da mai 90 zuwa 105, na fi son na biyun. Dukkansu suna kaiwa 1:1, amma gajeren sai bakinsa ya kusa taɓa abin, tazarar ba ta wuce tsawon yatsa ba, inuwarsa ta rufe ƙwaron, ƙwaron kuma ya tashi. Dogon yana barin kimanin santimita 13 zuwa 15. Wanda ya taɓa ɗaukar hoton kunama da ranta ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Makarantar da kuɗinta bai kai na makro ba kada ta yanke ƙauna. Akwai zobba marasa gilashi a ciki da ake sakawa tsakanin kyamara da gilashi don su nisanta shi da allo, yawanci uku ne a saiti: milimita 12 da 20 da 36. In tsawon zobban ya kai tsawon matattarar gilashi, an samu 1:1. Ke nan ɗan gilashin nan mai milimita 50 da saitin zobba sun isa, ga shi kuma in an cire zobban ya koma aikin ɗaki mai duhu da hoton fuska. Sai a tabbata an sayi zobba masu mahaɗin lantarki, in ba haka ba gilasan zamani ba za su tsuke ƙofarsu ba. Iyakar wannan hanya ita ce abubuwa irin ƙwayar irin ƙuduji, wadda ba ta kai rabin milimita ba, ko ƙurar fure, ko ƙwayoyin jini. Nan aikin madubin ƙara girma na ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma wayar hannu da aka ɗora a bakinsa da natsuwa takan ba da hoto mai kyau.

Na san za a ce da ni: Malam, ai tsuntsaye da namun daji su ne ke jan hankalin yara zuwa ga kimiyya, yaya za ka mayar da dogon gilashi baya? Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Wanda ya je dausayin Haɗeja da Nguru da rani ya ga tsuntsayen da suka ƙetaro Hamada daga Turai, ko ya ga giwaye a Yankari, ko raƙuman dawa na Kure a Jamhuriyar Nijar, ba zai raina dogon gilashi ba. Akwai kuma inda shi ne kariyar rai. Ba a matsa wa giwa mai ɗa, gamsheƙa kuwa tana tofa dafi ta sami idon mutum daga nisan da ya kai mita 2. Amma a duba abin da dogon gilashi ke nema. Mai milimita 400 da f/2.8 dole faɗin ƙofarsa ya kai milimita 143, nauyinsa kusan kilo 3 ko a ƙirar zamani, kuɗinsa kuma ba na makaranta ba ne. Mai f/5.6 rabin wannan faɗi gare shi, ya fi sauƙin ɗauka, amma rubu'in hasken yake samu, alhali tsuntsaye da sassafe da yamma suka fi walwala. Yana kuma ƙara girman rawar hannu kamar yadda yake ƙara girman tsuntsu. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada ƙiftawar kyamara ta yi jinkirin da ya wuce ɗaya bisa tsawon matattara, watau kashi ɗaya cikin 400 na daƙiƙa ga mai milimita 400. Na'urar hana rawa da ke cikin gilasan yanzu tana rage wannan matsala, amma hannunka take tsayarwa, ba ta tsayar da tsuntsu.

Sa'an nan ga wata matsala tamu ta nan, wadda littattafan koyon hoto na Turai ba su cika damuwa da ita ba. Lokacin da baƙin tsuntsaye ke sauka a dausayinmu shi ne lokacin hunturu, sa'ad da iska ke ɗauke da ƙura. Duk mitar da ke tsakaninka da tsuntsu cike take da wannan ƙura, dogon gilashi kuwa ta cikinta duka yake leƙe, sai hoto ya fito fari-fari ba armashi. In hazo ya yaye rana ta take, sai hucin ƙasa ya sa iska ta riƙa rawa, layuka su karkace. Ba kuɗin da ke maganin wannan. Maganinsa shi ne lissafin jan bakin nan da muka yi: a rage nisa. A kafa 'yar bukkar zana kusa da inda tsuntsaye ke shan ruwa, a bar ta kwana biyu su saba da ita, a shiga tun kafin gari ya waye, a zauna shiru. Da haka gilashin abokina mai 300 zai yi abin da mai 600 ba zai yi daga bakin hanya ba. Sheƙa kaɗai nake hana ɗalibaina kusanta, domin uwar da aka kora daga kan ƙwai a zafin rana tana iya komowa ta tarar sun lalace. In kuma manufar ita ce yara arba'in su ga tsuntsu, to madubin hangen nesa guda biyar ya fi gilashi ɗaya da ke hannun malami.

Gilashi mai faɗin gani ba zan daɗe a kansa ba. Aikinsa nuna muhalli: fadama, ko zaizayar ƙasa, ko yadda kachalla ke cinye tafki. Gefen milimita 18 na gilashin da ya zo da kyamara ya wadatar. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a kafa alama a ƙasa, a riƙa komowa kowace shekara a wata ɗaya, a tsaya wuri ɗaya, da tsawon matattara ɗaya. Bayan shekara biyar makaranta ta mallaki shaidar da ba ta cikin kowane littafi.

Wasu kuma za su ce duk wannan wahala ce, waya ta isa. Ban ƙi ba, a wurare da yawa ta isa, kuma na fi son ɗalibi ya ɗauka da waya da ya zauna jiran kyamarar da ba za ta zo ba. Babban gilashin yawancin wayoyi yana gani ne kamar mai milimita 24 zuwa 26, don haka ya dace da muhalli da taron jama'a. Amma don ya cika allo da ƙwaro sai an kusanto ƙwarai, mun kuwa ga abin da kusanci ke yi wa ma'aunin sassa. Ban da haka, manhajar waya tana gyara hoto ba tare da ta yi shawara da kai ba, ta shafe wasu ɗigogi ta ƙara wa wasu kaifi. Ga hoton biki wannan alheri ne. Ga wanda ke ƙirga gashin ƙafar ƙwaro, abin tsoro ne. A yi hattara kuma da lambobin nan na "ninki 30" ko "ninki 50". A gilashin zuƙowa, ninki yana nufin tsawon ƙarshe a raba da na farko kawai. Mai 18-200 ninki 11 ne, mai 70-300 ninki 4 da ɗan kai, amma na biyun ya fi jawo nesa. A waya kuwa, da zarar an wuce iyakar gilasanta, yanke hoton ake yi a buɗa shi, abin da ba a ɗauko ba sai dai manhaja ta yi kirdadonsa.

Shi gilashin zuƙowa ina ba shi haƙƙinsa a wuri guda: yana rage yawan cirewa da sakawa, kuma a ƙasar ƙura duk buɗe kyamara gayyatar ƙura ce zuwa kan allo. In dole ne a sauya gilashi a daji, a juya wa iska baya, a kifa bakin kyamara ƙasa. Kada kuma a goge gilashi da bakin riga. Ƙurarmu akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, fuskar gilashi kuma tana da wani siririn shafe mai hana haske komawa baya, dabarar da Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya ƙirƙiro a 1935. Fuskar gilashin da ba shafe tana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 na haske, gilashin zuƙowa kuwa yana iya ƙunsar ƙwaya goma sha wani abu, kowace da fuska biyu. Sai ɗalibi ya lissafa asarar da kansa. A fara hure ƙura da 'yar roba mai busa iska, sa'an nan a shafa da ƙyalle mai laushi. Da damina abokin gaba ya sauya: funfuna kan tsiro a cikin gilashin da aka kulle a jaka cikin kabad mai laima, zarenta ya bazu kamar saƙar gizo, in ta daɗe ta ci shafen. A ajiye shi a mazubi mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da akan samu a kwalin takalma ko na magani, a riƙa fito da shi yana shan iska. Mai sayen na hannu ya haska tocila ta bayansa ya leƙa ta gaba, ya kuma gwada shi a jikin kyamararsa kafin ya biya, domin bakin gilashin Canon ba ya shiga Nikon, har a kamfani ɗaya ma akwai tsohon baki da sabo.

Abokina dai ban ce ya sayar da dogon gilashinsa ba, na ce ya adana shi don ranar da za su fita dausayi. Akwai ɗan canjin da ya rage daga kuɗin ƙungiya, na ce ya nemi mai milimita 50 na hannu, ni kuma na ara masa zobbana, tun da kyamarorinmu bakinsu ɗaya. Bayan mako uku ya aiko mini da hoton macen Anofilis da wata ɗaliba 'yar aji biyar ta ɗauka, gaɓoɓin bakin nan biyu sun fito tangaran, har ana iya ƙirga dabbaren fiffike. Na yaba, na kuma mayar masa da shi a sake ɗauka, domin sun manta da rula.